Sawun Rahila

Na san ban kai shekarun rubuta tarihin rayuwa ba. Masu irin wannan rubutun sai sun yi furfura, sun aurar, sun ga jikoki. Ni ko shekara huɗu ban yi da gama sakandare ba. Amma a Sabon Garin Wudil an riga an fara ba da labarin nan ba yadda ya faru ba. Wasu su ce aljanun kogi ne, wasu su ce ƙwaya yarinyar take sha. Ina tsoron kafin ku zo duniya, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Bilki in Allah ya kawo ku, abin da za ku tarar ke nan. Shi ya sa na sayi littafi mai jan bango na zauna. Da safe nake rubutun. In rana ta kusa take tsaka sai in rufe, don har yau hannuna ba ya iya riƙe biro a wannan lokacin.

Mu biyu Umma ta haifa ta rasu ta bari, ni da Yaya Bilki wadda ta girme ni da shekara biyar. Iya, mahaifiyar Baba, ita ta baro Lajawa ta zo ta riƙe mu. Akwai abu ɗaya game da Iya da nake so ku riƙe tun yanzu, don a kansa komai ya juya. Sunan mahaifiyar Iya aka sa wa Yaya, saboda haka tun ranar suna Iya ba ta taɓa furta Bilkisu da bakinta ba. Innata take ce mata. Ko labarin Annabi Sulaimanu take ba mu, in ta zo kan sarauniyar sai ta ce mai gadon zinaren nan, ta wuce. Mun saba da haka har mun daina lura, kamar yadda mutum ba ya lura da ƙarar ƙofar ɗakinsa.

Yaya gola ce. Tun tana firamare, in kogi ya janye da rani ya bar yashi, can ake samunta tsakanin takalma biyu da aka ajiye a matsayin raga, tana faɗuwa tana tashi. Baba malamin firamare ne, shi ya sa hannu a takardar da ta kai ta gasar makarantu, daga nan wata babbar ƙungiyar mata ta kudu ta ɗauke ta. An yi surutu a unguwa har aka gaji. Da dogon wando take wasa, kanta a rufe, Baba ya ce shi dai wannan ya ishe shi. Iya kuwa ba ta taɓa cewa ƙwallo haramun ce ba. Tafiya ta tsana. Tana da ɗa, Baffa Sale ƙanin Baba, da ya fita neman kuɗi tun ba a haife mu ba, har yau ba shi ba labarinsa. Duk sanda Yaya ta ɗauki jaka sai Iya ta riƙe mata wuyan hannu ta sa ta maimaita alkawarin da ta yi mata, cewa ranar da ta mutu ita za ta yi mata wanka, ba wata ba.

A shekarar da nake ba ku labari ƙungiyar su Yaya ta cinye kofin ƙasa, ta kuma tsallake wasannin yanki, aka ce za su wata ƙasar Larabawa ta arewacin Afirka su kara da zakarun sauran ƙasashe. Wannan ita ce gasa mafi girma da macen da ke buga wa ƙungiya za ta taka a nahiyar nan. Ƙarshen damina Yaya ta zo sallama, kwana huɗu aka ba su. Ta zo da ƙawarta Rahila, 'yar Jos, mai tsaron baya, lamba biyar. Doguwa ce, baƙa, ga dariya. Kirista ce amma in an kira salla ita take miƙo wa Iya buta. Kwana ɗaya ta yi ta zama 'yar gida. Kullum sai ta aike ni bakin gada sayen soyayyen kifi, ta zauna a tabarmar Iya tana ci tana tsokanarta.

"Kaka, in na ci uku irin wannan, wallahi ba Balarabiyar da za ta wuce ni."

"Ke da ƙafa ɗaya a karkace kamar ta agwagwa? Su bi ta gefen su wuce abinsu."

"Ai da ita nake harɗe su, Kaka. Ki bari in dawo da kofi in zuba miki fura a ciki."

"Ki dai dawo mini da Innata. Kofin ki kai wa uwarki."

Gaskiya ne, ƙafar Rahila ta dama tana ɗan lanƙwasa ciki, tsohon targaɗe ne da bai gyaru daidai ba. Ban san wannan ƙaramin abu zai zame mini abin tunawa har ƙarshen rayuwata ba.

Ranar da za su tafi an yi yayyafi da asuba, ƙasar tsakar gida ta yi laushi. Na ɗauki tsintsiya Iya ta ce in ajiye, yau ba shara sai baƙi sun tafi. Baba ya raka su tasha. Fitarsu ke da wuya Iya ta kira ni ɗaki ta miƙo mini sakaina, ta ce in je bakin zaure in kankaro mata sawun Innata na dama, gaba ɗayansa, daga dunduniya har yatsu, kar in bar ko kaɗan. Idonta ya yi rauni, ba za ta iya bambancewa ba. Na san me ake yi da ƙasar sawu. Duk wanda ya tashi a hannun tsohuwar ƙauye ya san kiranye, ko bai taɓa gani ba. Ana kiran wanda ya yi nisa, sai zama ya gagare shi a duk inda yake, ya bar abin da yake yi ya kamo hanyar gida.

"Iya, gasar fa? Shekara nawa tana jiran wannan?"

"Jikina ya gaya mini ba zan ga wata daminar ba. Wa zai wanke ni, ke? Ke da kike tsoron kazar da aka yanka? Je ki, kuma in ubanki ya ji, ban yafe ba."

Na tsuguna a bakin zaure da sakaina a hannu. Ƙungiya ce ta raba musu kambas iri ɗaya, zanen ƙasansa iri ɗaya, ga sawu biyu gefe da gefe sun fito raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na Yaya a miƙe, na Rahila ya fi tsawo kuma ya karkata ciki. Ban ɗauki lokaci ba. Na yi wani lissafi irin na mai ganin ta yi boko ta fi tsohuwa wayo. Na ce in ma abin camfi ne, ba abin da zai faru. In kuma gaskiya ne, to sawun wata ne sunan wata, ba za su haɗu ba, abin zai faɗi a banza. Na kankare sawun Rahila tas na kai wa Iya, na dawo na share na Yaya da tafin hannuna. Har wani daɗi na ji, wai na ceci yayata ba tare da na saɓa wa kakata ba.

Iya ta zuba ƙasar a wata 'yar tukunya irin ta dafa magani, ta binne ta zuwa wuya a bayan akurkin kaji, ta rufe da faifai. Ba ta taɓa ta ba sai ranar da Yaya ta bugo ta ce jirginsu ya sauka. Ranar, da rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, unguwa ta yi tsit, ina wanke-wanke na ga Iya ta zagaya bayan akurki. Na bi ta a hankali na laɓe. Ta durƙusa, ta ɗage faifan, ta kafa bakinta a bakin tukunyar. Muryar da ta fito ba irin wadda take kiranmu da ita ba ce, ta yi kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Mai sawun nan, taho gida. Kar ki ci, kar ki sha, kar ki zauna, sai kin tako inda kika taka."

Sau uku ta faɗa. Na tsaya ina jiran sunan. Ta mayar da faifai ta miƙe tana dafa gwiwa. A nan na tuna. Ta ina Iya za ta kira sunan uwarta, a cikin tukunya kuma? Shekara ashirin ina cikin gidan nan, abin da na fi sani game da ita shi na manta. Kajin da ke akurkin duk sun yi shiru, ban taɓa jin kaji sun yi shiru haka da rana ba.

A wayar Baba muke kallon wasannin. Sai ya jingine ta da fulas a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, matan maƙwabta su shigo da mayafansu mu kewaye ta, hoton yana tafiya yana tsayawa. Wasan farko sun ci. Yaya ta yi wani tsalle ta ture ƙwallo saman raga, Baba ya miƙe yana kabbara hularsa ta faɗi. A wasan ne Rahila ta yi karo da wata, kai da kai, ta kwanta na ɗan lokaci aka zuba mata ruwa ta tashi ta ci gaba. Na rubuta wannan don ku sani, saboda daga baya a kansa likitoci suka tsaya, kuma ba ni da ilimin da zan ƙaryata su.

Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo wayata daga Yaya. Har yanzu yana nan, ban goge ba, ban kuma sake saurara ba.

"Nafi, ku sa Rahila a addu'a. Ba ta cin abinci, ba ta zama wuri ɗaya. Likita ya ce buguwar nan ce. Amma wai ƙaurin hayaƙin kara take ji a ɗakin otal, wai da warin kaji. Ke kin ji fa. Ɗazu kuma take tambayata wai Iya ta koyi kiran waya ne, ta ji muryarta."

Tana dariya a ƙarshen saƙon.

Da Iya ta ga kwana biyar Innarta ba ta taso ba, sai ta ƙara. Ban da na tsakar rana, duk sanda ta ga mun taru a kan waya sai ta sulale bayan akurki, Baba yana zaton ƙwai take dubawa. Daga inda nake zama ina hango bayanta ta gefen ido, ga kuma wayar a gabana. A wasa na biyu aka ba abokan karawarsu bugun kusurwa. Na ga Iya ta sunkuya. Na ƙirga a zuciyata, ɗaya, biyu, uku, huɗu. A cikin wayar, kowa ya ɗaga kai yana jiran ƙwallo, lamba biyar kaɗai ta juya wa ƙwallon baya. Ta tsaya cak, ta karkata kai gefe kamar wadda aka kira daga wani ɗaki. 'Yar wasan da Rahila take tsarewa ta sa kai ta ci. Matan unguwa suka hau salati suna cewa wannan doguwar barci take yi ne? Baba ya ce gajiya ce.

Washegari da hantsi Iya tana gyangyaɗi na ɗauki taɓarya na zagaya. Niyyata in fasa tukunyar in ce akuyar maƙwabta ce. Na ɗaga ke nan na ji an riƙe mini zane ta baya. Ban ji tahowarta ba, ita da ko tashi za ta yi sai duk gidan ya ji.

"Ajiye. Kin san abin da ya sami Sale?"

Na ce ban sani ba.

"Na kira shi, ya taso. Yana hanya akuya ta taka tukunyar ta fashe. Wani direba ɗan garinmu shi ya gan shi ƙarshe, wajen Potiskum, yana tafiya a ƙasa a gefen titi. Ya tsaya ya ce Sale hau mu tafi. Sale ya ce gida za ni. Direban ya ce to ina ne gidan? Sai Sale ya tsaya yana kallonsa. Direban ya ce har ya ja mota yana hango shi ta madubi, yana juyawa gabas yana juyawa yamma. Wanda aka kira, in aka yanke kiran bai iso ba, ba shi da gida kuma a duniya. Ba a fasawa, ba a dainawa, sai ya tako an mayar masa da ƙasarsa ƙarƙashin ƙafa."

A nan ya kamata in faɗa mata. Bakina ya buɗe. Amma na san abin da ke cikin adakarta, na gani da idona. Gashin Yaya ne da ya zuba ranar da ta tsefe kai, Iya ta tsince ta ƙulle a tsumma. Ta taɓa ce mini sawu ya fi ƙarfi amma gashi ma yana yi. In na faɗa, ranar za ta sake sabuwar tukunya. In na gaya wa Baba, shirka zai ce, kuma gaskiyarsa, ya sa ƙafa ya ragargaza ta nan take. Saura wasa biyu ko uku a gama gasar. Na ce bari a gama. Wannan ita ce maganar da nake so ku sani, ba aljanun kogi ba ne, ni ce na auna yayata da 'yar mutane na ce bari a gama.

Da kyar suka fito daga rukuni. An ajiye Rahila a benci a wasa na uku, amma wadda ta maye gurbinta ta samu jan kati, dole koci ya mayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar gidanmu ya cika har zaure. An tafi hutun rabin lokaci ba ci. Bayan an dawo aka ba waɗancan fenareti, Yaya ta faɗi hagu ta cafke, ta rungume ƙwallon a ƙirji kamar jariri. Gidan ya ɗauki guɗa. Ina cikin murnar na waiga ban ga Iya a kujerarta ba. Ranar ba sau uku ta kira ba, na ƙirga bakwai, don da safe ta ce Innata taurin kai gare ta tun tana goye.

Yaya ta gangara wa Rahila ƙwallo a ƙasa, a hankali, irin wanda ko ni zan tare. Ƙwallon ya wuce ta gaban ƙafarta ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗaga kai, ta fara tafiya. Ba gudu ba, tafiya irin ta wadda aka aika. 'Yar gaban waɗancan ta ɗauki ƙwallon, ita da Yaya kaɗai, ta jefa a raga. Mai ɗaukar hoto ya bar masu murna ya bi lamba biyar. Ta tsallake farin layi, koci ya riƙo hannunta ta zare ba tare da ta dube shi ba, ta shige wata ƙofa mai duhu ƙarƙashin 'yan kallo. Daidai nan hoton ya tsaya, kamar yadda ya saba in sabis ya yi rauni, ya bar mana bayanta rabi a haske rabi a duhu. Da ci ɗayan nan aka fitar da su.

A bakin titi aka tsinto Rahila, da rigar wasa, ta yi nisa. Allurar barci aka riƙa yi mata har suka hau jirgi. Da suka sauka Legas, ana jiran kaya, aka neme ta aka rasa. Ba waya, ba jaka. Yaya ta bugo tana kuka ta ce ba za ta taho ba sai an gan ta, uwar Rahila ma tana hanya daga Jos. Iya da ta ji Innarta ba ta da niyyar tahowa, sai jikinta ya mutu. Ta kwanta da zazzaɓi, ta ce abin ya ƙi ci, ta haƙura, Allah ya yafe mata.

"Iya, in aka daina ba ta iso ba fa?"

"Wa? Ai ba ta taso ba balle ta ɓata."

Ta juya ta fuskanci bango. Na fito tsakar gida, na dubi inuwata, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafata. Na tuna Baffa Sale a madubin direba. Ni da na haddace izu goma, ni da na san hukuncin abin, na zagaya bayan akurki na durƙusa a gurbin gwiwoyin Iya. Da na ɗage faifan wani ɗumi ya bugi fuskata, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa yanzu-yanzu, alhali an fi wata guda ba a yi ruwa ba. Na kafa bakina na faɗi abin da na ji tana faɗa. Muryar da ta dawo mini daga ciki ban gane ta ba. Kwana uku ina yi.

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa. Maza duk sun tafi masallaci, layinmu ba kowa. Ina durƙushe, na faɗi na biyu ban kai na uku ba, na ji taku a zaure. Ƙafa ɗaya tana sauka, ɗaya tana ɗan ja. Ba sallama. Na leƙo. Rahila ce tsaye a bakin zaure, daidai inda na kankare, kambas ɗin nan ya yage yatsunta a waje, leɓenta ya tsage, jikinta duk warin shanu. Daga baya muka ji a bayan tirelar shanu ta zo, cikin waɗanda ke dawowa Wudil ba kaya daga kudu. Ba ni take kallo ba, akurkin take kallo.

"Na zo," ta ce. "Don Allah ku yi shiru haka nan. Na zo."

Iya ta fito tana dafa bango. Ta dubi Rahila daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan karkatacciyar ƙafar. Sannan ta juyo.

"Nafisatu. Sawun wa kika kawo mini?"

Ba ta jira amsata ba. Da hannunta ta tone tukunyar, ta rarrafa ta ɗaga ƙafar Rahila ta dama ta juye ƙasar, ta dafa ƙafar a kai tana kuka tana cewa yafe mini 'yar nan, yafe mini. Rahila ta sauke wani dogon numfashi ta sulale a wurin. Sai washegari da la'asar ta farka, ta ce yunwa take ji.

Baba ya ji komai daga bakina. Bai dake ni ba, da ma ya yi. Ya kai Rahila asibiti Kano, suka ce jini ne ya ɗan taru a kanta tun karon nan, irinsa yana sa mutum ya ji muryoyi, ya nufi wurin da ya ji daɗi na ƙarshe. Baba ya riƙe wannan, ni ma ina so in riƙe. Ko ma mene ne, ƙungiyar ta sallame ta, ba kuma wadda ta sake ɗaukar 'yar bayan da ta fice daga fili ana tsakar wasa duk nahiya na kallo. Yaya ta zo ta tafi da ita Jos. Magana ɗaya ta yi mini a bakin mota.

"Kullum muna waya, Nafi. Kullum. Da kin faɗa mini, da kaina zan roƙi Iya, ko in taho. Wa ya ce miki kofi ya fi mini Rahila?"

Iya ta ga wata daminar, amma ba ta ga ƙarshenta ba. Ta rasu da hantsi, Yaya tana sansanin horo a kudu, kafin azahar an kai ta. Ni na yi mata wanka, ni da wata maƙwabciya, ni mai tsoron yankakkiyar kaza. Na ɗauka shi ke nan an rufe. Kwana ashirin da rasuwar, rana tsaka, wayata ta yi ƙara. Rahila ce. Ta yi mini gaisuwa a natse, ta tambayi Baba.

"Nafi, ba faɗa na kira ba. Har yanzu ina ji, in rana ta yi tsaka. Ba kullum ba. A da muryar Kaka ce. Yanzu taki ce."

Na rantse mata ban ƙara zuwa wurin ba, kuma gaskiya na faɗa. Da muka gama na je bayan akurki, inda Iya ta kife tukunyar. Na juyo ta. A can ƙasanta akwai 'yar ƙasa da ta manne ba ta zubo ba, ba ta fi cikin cokali ba. Na taɓa da yatsa. A jiƙe take.

Yaya ta zo sadakar arba'in. Na kai ta na nuna mata, na gaya mata abin da Rahila ta ce. Ba ta ce camfi ne ba, ba ta ce gaskiya ce ba. Ta ciro tsohuwar rigarta ta gola daga jaka ta naɗe tukunyar, ta ce ba za a sa ta a but ɗin mota ba, a cinyarta za ta riƙe har Jos wurin Rahila, ita dai ba ta taɓa sakin abin da ta cafke ba. Da safen da za ta tafi an kwana ana ruwa. Ta yi sallama da Baba, ta dafa kaina, karo na farko tun waccan shekarar, har na fara jin sanyi a raina. Muka fito tare. A bakin zaure ta tsaya ta dubi ƙasa, ta miƙa wa Baba tukunyar ta ce ya riƙe mata da hannu biyu.

"Nafi, miƙo mini tsintsiya."

Na miƙa mata. Ta sunkuya ta fara tafiya da baya da baya, tana share sawunta ɗaya bayan ɗaya, daga ƙofar gidan ubanmu har bakin kwalta. Ni kaɗai ce macen da ta rage a gidan da za ta iya kankare sawu, ta sani, na sani. Da ta kai ta jingine tsintsiyar a jikin sandar wuta, ta karɓi tukunyarta ta hau mota. Kwana uku tsintsiyar tana nan ina hango ta daga zaure, na kasa zuwa in ɗauko.